Tsatsa Ba Ta Sallama: Nasiha ga Samari Masu Babur

Ƙannena masu babur, da wanda ya tara guminsa ya sayi nasa, da wanda aka damƙa wa na wani yana kai balas kowace yamma, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai ɓarnar da ke sanar da kanta a jikin babur. Fulogi ya mutu, ka yi ta buga kik har gumi ya karyo maka, ka san akwai magana. Taya ta sace, kafin ka sha kwana ka ji a jikinka. Tsatsa ba ta cikin irin waɗannan. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba ta hana inji tashi a ranar da ta kama. Takan yi damina biyu tana cin ƙarfe a ƙarƙashin sirdin da kake zaune a kai, ba za ka san da zamanta ba sai ranar da makanike ya ɗora sifana a kan noti, notin ya guntule a hannunsa, ya ɗago kai ya ce maka sai an nemo mai walda.

A da, lokacin da babur ke da sauƙin kuɗi, mutum kan ce in ya tsufa a sayar a sake wani. Yau sabon babur ƙirar Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, kayan gyara kuma kullum sama suke yi. Wanda Allah ya mallaka wa babur a wannan zamani ya riƙe shi da hannu biyu, domin samun na biyu ba nan kusa ba ne. Abin da ke damuna shi ne inda kulawarku take tafiya. Ana kashe kuɗi a kan sitika da fitilu masu walƙiya da rigar sirdi mai geza, ana goge tanki har mutum ya ga fuskarsa, amma a cikin samari goma da wuya ka samu biyu da suka taɓa durƙusawa suka leƙa ƙarƙashin injin.

Ku fara sanin abin da kuke faɗa da shi. Ba a haƙo ƙarfe daga ƙasa yadda kuke ganinsa. Kakanninmu maƙera sun san tama, dutsen nan mai nauyi da suke tarawa su haɗa da gawayi, su ba shi wuta mai tsanani har ƙarfe ya fito. Tama ƙarfe ne da ya haɗe da iskar oksijin, wuta da gawayi ne suke raba su. Tun daga ranar da aka raba su kuwa, ƙarfen hanyar komawa yadda yake yake nema, abin da yake buƙata kuma biyu ne kawai, iska da ruwa. Iska ba ka da iko da ita. Ruwa ne abin da ke hannunka. Idan gishiri ko wani abu mai tsami ya shiga cikin ruwan, aikin sai ya ninka sauri, saboda tsatsa aiki ne na lantarki mai rauni da ke gudana a fuskar ƙarfe, ruwa mai gishiri kuma ya fi ɗaukar lantarki.

Tsatsa tana da munanan halaye biyu da ya kamata ku riƙe. Ba ta toshe wurin da ta ci, cike take da ƙananan ƙofofi, tana shan ruwa ta riƙe, saboda haka wurin da ya fara tsatsa ya fi kowane wuri daɗewa a jiƙe. Sannan tana kumbura, ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri nesa ba kusa ba. Wannan kumburin ne ke sa noti ya cije ya ƙi kwancewa, shi ne kuma ke ɗaga fenti ya yi bororo. A 2016 ƙungiyar injiniyoyi ta NACE International ta ƙiyasta cewa zaizayar ƙarafa na jawo wa duniya asarar kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, kuma kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari na wannan asara da an kauce masa in da an yi aiki da dabarun da aka riga aka sani. Wato ko a manyan masana'antu, ba rashin sani ne ke kashe ƙarfe ba, sakaci ne.

Masu ƙera babur sun san da wannan, shi ya sa babu ƙarfen waje da suke bari tsirara. Firam da tanki fenti ne ke kare su. Rim da kan babur da murfin salansa, masu ƙyallin nan da ke ɗaukar ido, baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe da nikel sannan aka ɗora kurom a sama, kaurin kurom ɗin kuma bai kai na silin gashi ba. Yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan danshi ke ratsawa, shi ya sa za ka ga jajayen ɗigo sun fetso a kan rim alhali ba abin da ya buge shi. Notuna da siraran ƙarafunan da ke riƙe da rim yawanci tutiya ake shafa musu, irin wadda ake shafe kwanon rufi da ita. Ita tutiya ba rufe ƙarfe kawai take yi ba, ita ce ke zaizayewa a madadinsa, ko an ɗan karce ta tana ci gaba da kare gefen wurin, har ranar da ta ƙare. Jikin inji kuwa alminiyom ne. Ba ya jar tsatsa, amma yana fitar da wani farin gari, musamman inda notin baƙin ƙarfe ya shiga cikinsa, domin idan ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikin danshi ɗaya ne ke cin ɗaya. Akwai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Sirrinsa kurom ne da aka narka a cikin jikin ƙarfen, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, ta yadda ko an karce shi fuskar takan sake rufe kanta. Yana da tsada, kaɗan ne daga cikinsa ke jikin baburan da muke hawa. Abin da ke tsakanin babur ɗinka da tsatsa, in ka duba da kyau, fata ce siririya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda tsakuwa ta ɓantare fenti, duk inda igiyar ɗaure kaya ta goge kariya, duk inda aka yi walda ba a sake fenti ba, an buɗe ƙofa.

Mu 'yan Arewa Allah ya yi mana sauƙi ta wannan fanni. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara, shi ke cinye musu ababen hawa. A Legas da Fatakwal da Kwatano iskar teku ce ke ɗauke da gishiri, ga danshi kusan duk shekara. Mu kuwa daga hunturu zuwa bazara iska a bushe take, ƙarfe sai ya yi watanni a waje bai canza kala ba. Wannan sauƙin ne ke sa mu sakin jiki. Damina na sauka, daga Yuni zuwa Satumba, lissafi ya canza, a watan Agusta ma sai a yi kwanaki ƙasa ba ta bushe ba.

Ruwan sama shi kaɗai ba shi ne babban mai laifi ba, yana zuba ya gangare, rana ta fito ya bushe. Taɓo ne abin tsoro. Ka sa hannu a cikin marufin tayar baya na babur ɗin da ke zirga-zirgar ƙauye, za ka ɓamɓaro laka mai kaurin yatsa, samanta a bushe, cikinta a jiƙe sharkaf. Haka take manne a ƙarƙashin inji, da wurin da ƙafar tsayuwa ke juyawa, da lungun da ƙarfen da ke riƙe tayar baya ya haɗu da firam. Kwana da kwanaki tana shayar da ƙarfen ruwa, kai kuma kana ganin babur ya bushe.

Ga wani abu da ban cika jin ana faɗa ba, alhali mu ya fi shafa. Farkon damina lokacin dakon taki ne. Ana ɗora buhu biyu ko uku na yuriya ko NPK a bayan babur daga kasuwa zuwa gona, buhun yana ɗan zuba, ƙwayoyin suna gangarawa ƙarƙashin sirdi da kan kariya da cikin marufin sarƙa. Takin zamani yana jan danshi daga iska ya narke da kansa, ruwan da yake zama kuma yana cin ƙarfe da sauri fiye da ruwan sama. Haka buhun gishiri, haka takin gida. Duk ranar da ka yi irin wannan dako, kada ka kwanta sai ka cire sirdi ka ɗauraye wurin da ruwa mai tsabta. Shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora buhu ba ya cin kuɗi. Kuma wanda ke ajiye babur a kusa da turken awaki ya sani cewa fitsarinsu yana yin irin wannan ɓarna a rim da ƙafar tsayuwa.

Sai tanki, inda na fi so ku tsaya ku yi tunani. Cikin tankin yawancin baburanmu baƙin ƙarfe ne, babu fenti, man da ke ciki ne ke kare shi. Inda mai bai kai ba iska ce ke zaune, iskar damina kuma ɗauke take da danshi. Da rana tanki ya yi zafi, da dare ya huce, sai danshin ya zama raɓa a bangon ciki ya gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa gauraya, saboda haka can ƙasa yake taruwa, daidai inda aka haɗa bakin tankin da walda. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023, samari da yawa lita ɗaya ko biyu suke iya zubawa, tanki kullum kusan wayam. Ban ga laifin kowa ba, halin da ake ciki ke nan. Amma ku san abin da hakan ke jawowa, kuma duk ranar da aiki ya yi albarka ku cika tanki kafin ku kwana, musamman a tsakiyar damina ko in za ku ajiye babur na wasu makonni. Man bakin titi kuma, wanda ake sayarwa a galan da kwalabe, a kula da shi. Ba duka masu sayarwa ne ke ha'inci ba, sai dai jarka da mazurarin da suka kwana a waje cikin ruwa ba sa rasa 'yan ɗigo.

Alamar tanki mai tsatsa ba a tanki take fara bayyana ba, a kafireta take. Babur ya riƙa shaƙewa idan ka murɗa totur, makanike ya wanke kafireta, kwana kaɗan abin ya dawo. Ka tsaya a kansa ranar da zai kwance kofin da ke ƙarƙashin kafiretar, ka dubi abin da ya kwanta a ciki. In ka ga jan gari mai laushi da ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin mai, to daga tanki suke zuwa, wanke kafireta sau ɗari ba zai raba ka da su ba. A cire tanki a juye shi, a wanke, a bar shi ya bushe sarai, a sa sabon matacin mai a kan tiyo. Idan za ka leƙa ciki, fitilar hannu za ka haska, ashana ko laita kada su kusanci bakin tanki. Idan kuma ya riga ya huje, ina roƙonku da girman Allah kada ku kai shi a ɗora masa wutar walda don an zubar da man ciki. Tankin da babu mai amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗarin fashewa. A kai wa wanda ya san yadda ake wanke shi a kore tururin, ko a haƙura a sayi wani.

Salansa ma daga ciki take ruɓewa. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana fitar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. In tafiya ta yi nisa salansa ta yi zafi, tururin ficewa yake yi. In kuwa daga gida zuwa bakin layi ne a kashe, a ciki yake kwanciya. Wasu salansa suna da ɗan rami a ƙasa don ruwan ya tsiyaye, a riƙa zura waya ana buɗe shi idan laka ta toshe.

Wanki abu ne mai kyau, amma yadda ake yinsa na iya zama cuta. Ina ganin samari suna tura babur cikin rafi ko kududdufi har ruwa ya shanye cibiyar taya, suna dirza da garin sabulu. Garin sabulu an yi shi ne don ya cire maiƙo, kuma ba ya bambanta dattin da kake son cirewa da giris ɗin da ke kare boris. Injin feshin masu wankin mota ma, idan aka saita bakinsa a kan cibiyar taya ko wuyan babur ko wayoyin lantarki, cusa ruwa yake yi inda ba zai fito ba. Bokiti da soso da sabulu mai laushi sun isa. A ɗauraye sosai, a goge da tsumma, a hau a ɗan zaga har inji ya yi zafi birki ya bushe, sannan a bi wuraren da ke motsi da mai. Wanda ya wanke babur da magariba ya lulluɓe shi da leda ya tura zaure, ya kulle shi ne tare da danshinsa har safe. Rumfa mai shan iska ta fi tamfol ɗin da ya rufe ruf, daɓen siminti kuma ya fi jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sarƙa tana son mai akai-akai, kimanin kowace tafiyar kilomita 500, da kuma duk bayan dukan ruwa. Man giya mai kauri, mai lamba 90, shi ya fi dacewa da irin sarƙar baburanmu. Na san da yawa tsohon baƙin mai ake tsiyayowa daga inji a shafa. Ya fi babu, amma cike yake da garin ƙarfe da dattin ƙuna, ga shi ba ya zama, fallatsa yake yi. A wanke sarƙar da kananzir tukuna, domin mai a kan yashi niƙa haƙoran sarƙa yake yi. Kuma marufin sarƙar nan da wasu ke cirewa don babur ya yi kyan gani, shi ne ke tare mata ruwa da ƙura, a mayar da shi. Kan batir idan ya yi farin gari ko kore, a cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, a goge, a shafa basilin. A tabbata ɗan tiyon da ke fitar da tururin batir yana nan kuma ya sauka ƙasa, domin ruwan batir asid ne, inda ya ɗiga a firam fenti da ƙarfe duka yake ci.

Idan tsatsa ta riga ta kama, kada ka ɗauko fenti ka shafe. Fenti a kan tsatsa ɓoye ta kawai yake yi, tana ci gaba a ƙarƙashi. A kankare da buroshin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo, a fara da jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙyauren ƙarfe, ya bushe, sannan a ɗora mai kala. Kurom kuwa ba a sa masa samfefa, karce shi za ta yi ta ƙara buɗe ƙofofi. A dunƙule takardar alminiyom a tsoma a ruwa a goga a hankali, a bushe, a shafa ɗan mai. Ƙananan notuna ana iya jiƙa su a ruwan tsamiya ko na lemon tsami su kwana, amma a wanke su tas a shafa mai nan take, in ba haka ba tsamin da ya cire tsatsar shi zai dawo da ita. Duk notin da aka kwance kuma, a ɗan lakata masa giris kafin a mayar, musamman masu shiga jikin inji. Wuri biyu ne mai ba ya zuwa ko kusa, cikin birki da fuskar taya.

Masu niyyar sayen na hannu, ku je da fitila kuma ku je da rana. Bayan da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, 'yan'uwanmu da yawa sun dawo gida da baburansu, kuma babur ɗin da ya yi shekaru yana shan iskar teku ba ɗaya yake da wanda ya rayu a Katsina ko Maraɗi ba, ko da shekararsu ɗaya. Ba cewa nake kada a saya ba, cewa nake a duba. A cire sirdi, a kwantar da babur a ga cikinsa, a bi duk layin walda da ido, a ƙwanƙwasa firam da sifana a saurari inda sautin ya mutu. Sabon fenti a kan tsohon babur tambaya yake buƙata. Kai kuma mai sayarwa, idan ka san firam ya ci ka shafe shi da fenti ka yi shiru, algus ka yi, kuma abin da ka ɓoye na iya zama ajalin wani.

A nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. Wayar birki daga cikin rigarta take tsatsa, silinta na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe kuma ba ya tsinkewa sai lokacin da ka matsa da ƙarfi, wato lokacin da yaro ya gifta ko mota ta tsaya a gabanka. Sandunan shokazoba na gaba idan suka yi ɗigon tsatsa suna yaga robar da ke riƙe mai, man ya gangaro zuwa birki. Siraran ƙarafunan taya daga gindinsu suke ruɓewa, can cikin rim inda ruwa ke kwanciya, ka faɗa rami ɗaya da kaya sai uku ko huɗu su karye tare. Ku da ke ɗaukar mata da goyo, da 'yan makaranta, da tsofaffi zuwa asibiti, waɗannan mutane ba su duba babur ɗinku ba kafin su hau, yarda suka yi da ku. Wanda kuma ke hawan na wani, kada ya ce ai ba nawa ba ne. Amana ce a hannunka, kuma mai babur ɗin da ya ga yadda ka riƙe masa kaya shi ne zai tsaya maka gobe idan kana neman naka.

Ƙannena, kafin hadarin farko ya haɗu a bana, ku ware safiya ɗaya. Ku cire sirdi, ku kankare lakar bara, ku taɓa fenti inda ya ɓantare, ku ɗiga mai a wayoyin birki da kuloci. Wayar birkin da kuka ga ko sili ɗaya ya tsinke a jikinta, ku canza ta a ranar, kada ku ɗauki fasinja sai kun canza. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a abin hawanku.